Sanarwa ga Ƴan Aji Ɗaya, Sashen Kimiyyar Sinadarai

Assalamu alaikum ɗalibai. Ranar Laraba ƙarfe 9 na safe muna ɗakin gwaji, in sha Allah. Kowa ya zo da farar riga da rufaffen takalmi, banda silifa.

Ku jiƙa zoɓo a gida, ku taho da ruwansa, da ƴar kanwa da lemon tsami. In aka ɗiga lemon sai jan ya ƙara fitowa, in aka sa kanwa ya juye kore-kore. Asid (irin lemon) da alkali (irin kanwa) da muka rubuta a allo ke nan, kuma na fi son ku gani da idonku kafin ku haddace.

Don Allah ku riƙe wannan: asid ake zubawa cikin ruwa, a hankali. In aka zuba ruwa cikin asid, zafin da ke tashi yakan fantsamo asid ɗin a fuska.

Masu tahowa daga Bulangu da Hadeja ku yi sammako.