Tsagaita wuta: a daina auna agaji da yawan tireloli

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi tsokaci kan yadda ake kawo labarin kai agaji ga 'yan gudun hijira idan an tsagaita wuta a fagen yaƙi. Kusan kullum labarin iri ɗaya ne: tireloli kaza sun tsallaka iyaka, ga hotonsu a jere, sai mai karatu ya yi hamdala ya ɗauka an ci an sha. Alhali motar da ta tsallaka iyaka ba ta yi ko rabin tafiya ba, kuma sau tari abin da ya fi ceton rai ba ya cikin lodinta.

Mu fara da lissafi. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke aiki da shi ya ware wa kowane mutum abinci mai kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 2,100 a rana, wato kimanin giram 550 na hatsi da wake da mai da gishiri. Sansani mai mutum 100,000 zai ci tan 55 a kullum, lodin tirela uku ke nan idan kowace tana ɗaukar tan 20. Wannan mai sauƙi ne. Ruwa fa? Mafi ƙaranci lita 15 ga kowane mutum, na sha da girki da tsafta. Wannan sansanin dai zai buƙaci lita miliyan ɗaya da rabi, sawu 75 na tankar lita 20,000, yau da gobe da jibi. Babu ayarin da zai jure wannan a kan hanyar da yaƙi ya farfasa. Saboda haka ba a ɗauko ruwa daga nesa, tayar da rijiyoyin burtsatse da injinan da ke wurin ake yi, su kuwa man dizal suke sha, kuma suna buƙatar kayan gyara da sinadarin kulorin.

A nan gizo ke saƙa. Dizal shi ke tuƙa famfon ruwa, da janaretan asibiti, da firjin da ke riƙe allurar rigakafi tsakanin digiri 2 zuwa 8, da ƙananan motocin da za su kwashi kaya daga sito zuwa sansani. Kuma shi ne abin da masu riƙe da shinge suka fi hanawa, don tsoron kada ya ƙare a tankin motar abokan gaba. Abin da ya faru a Habasha ya isa darasi. Gwamnati ta ayyana tsagaita wuta ranar 24 ga Maris, 2022, ayarin farko ya isa Mekele, babban birnin yankin Tigray da ake yaƙin, ranar 1 ga Afrilu bayan fiye da wata uku babu agajin da ya shiga ta ƙasa. Daga baya abinci ya taru a rumbunan birnin, amma babu man da za a kai shi ƙauyukan Tigray inda yunwar ta fi tsanani. Wanda ke ƙirga tireloli zai ce an yi nasara. A Yaman ma, yarjejeniyar Afrilun 2022 ta buɗe wa jiragen ruwan mai hanya zuwa Hudaida, jama'a sun ga sauƙi, sai dai har ta ƙare a watan Oktoba ba a buɗe manyan hanyoyin Ta'iz ba, kuma mutanen birnin sun ci gaba da bin hanyoyin duwatsu masu cin sa'o'i.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsagaita wutar farko a Zirin Gaza, a ƙarshen Nuwamban 2023, kwana bakwai kacal ta yi. Wanda ya jira sanarwa kafin ya nemi motoci da direbobi da takardun kwastam zai tarar an koma harbi kayansa na tashar ruwa. Aikin gaskiya tun kafin a sa hannu ake yin sa: kaya na jibge kusa da iyaka, an jera su bisa buƙata, an miƙa jerin abin da ke cikin kowace mota, an san sitocin da suka rage a tsaye da gadojin da za su ɗauki nauyi. Wata dabara da ta sha ceton ayari ita ce kada a cakuɗa lodi. Idan aka haɗa gari da janareta ko bututun ƙarfe a mota ɗaya, mai bincike ya ƙi abu guda, to motar gaba ɗaya za ta juya. A wasu mashigan ma sai an sauke kayan ƙasa, an bincika, sannan motocin ɗaya ɓangaren su zo su ɗauka. A irin wannan wuri kayan da aka ce sun shiga na iya kwana da kwanaki a rana ba mai ɗauka.

Sai batun tsaron hanya. Akan sanar da kowane ɓangare lambobin motoci, da sunayen direbobi, da hanyar da za a bi, da lokacin tashi da na dawowa. Matsalar ita ce amincewar shugabanni ba lallai ta sauko ga yaron da ke riƙe da bindiga a shinge na bakwai ba. Don haka ake buƙatar layin waya da ke aiki dare da rana da mutumin da zai iya ba da umarni nan take, kuma ayari ya tashi da sassafe don kada dare ya riske shi a hanya. Duk da haka sanarwa ba sulke ba ce. Ranar 19 ga Satumba, 2016, an kai hari kan ayarin motoci 31 na Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar Red Crescent ta Siriya a Urum al-Kubra kusa da Halab, ana cikin sauke kaya, aka lalata fiye da rabinsu, aka kashe ma'aikatan agaji. Ayarin yana da izini. Harin ya zo ne a ranar da tsagaita wutar da Amurka da Rasha suka ƙulla ta wargaje. Sa'o'in ƙarshe na yarjejeniya su ne mafi haɗari, kuma wajibi ne a rubuta a cikinta cewa motar da ke hanya za ta gama aikinta ta fita lafiya ko da an koma faɗa.

Rabo shi ne inda mutunci ko wulaƙanci ke bayyana. Mutumin da ya yi watanni cikin yunwa, bai kuma san ko wata mota za ta sake zuwa ba, zai afka wa ta farko da ya gani, kuma ba ma ganin laifinsa. Maganin wawaso shi ne kaya su riƙa zuwa da yawa kuma a kai a kai, har jama'a su yarda cewa gobe ma akwai. Wuraren rabo su zama masu yawa kuma ƙanana, kusa da inda mutane suke, da ƙofar shiga daban da ta fita, da inuwa da ruwan sha. A yi rajista gida-gida, a sa katin da sunan uwar gida inda hakan zai yiwu, a ware layi ga tsofaffi da masu juna biyu da masu buƙata ta musamman. Idan aka tara dubban mutane a fili ɗaya, ƙarfafa ne ke samu, marayu da gwauraye su koma hannu rabbana. Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: gari ba ya dafa kansa. Iyalin da suka gudo da kayan jikinsu ba su da tukunya, ba su da makamashi, don haka a makonnin farko dafaffen abinci da biredi daga gidajen burodin da aka ba gari da mai sun fi buhu amfani.

Yaron da tamowa ta kama ba buhun hatsi yake buƙata ba. Ana auna damtsensa da tsiri mai launi, idan ya gaza milimita 115 yana cikin haɗari. Maganinsa shi ne abincin gyaɗa na musamman da ke cikin 'yar leda mai giram 92 da kalori 500, kuma katan ɗaya mai leda 150 kan ishi yaro guda na mako shida zuwa takwas. Wanda ya kasa ci, ko yake da wata cuta a kan tamowar, sai an kwantar da shi an fara da madara ta musamman kaɗan-kaɗan, domin cika wa jikin da ya daɗe da yunwa abinci farat ɗaya na iya tsayar da zuciya. A lura da wannan adadi, mako shida zuwa takwas. Tsagaita wutar kwana bakwai za ta fara jinya, ba za ta gama ba. Haka rigakafi: a Satumban 2024 an yi wa yara kimanin 560,000 ɗigon shan-inna a Gaza albarkacin dakatar da faɗa na 'yan sa'o'i yanki-yanki, amma sai da aka sake zaman neman izini domin zagaye na biyu. Ƙyanda da kwalara kuwa cunkoso suke bi, shi ya sa ake son ban-ɗaki ɗaya ga mutum 20, wato 5,000 a sansanin da muka yi misali da shi, kuma ba wanda ke ɗaukar hoton masu haƙa su.

Da zarar bindiga ta yi shiru mutane kan ɗunguma zuwa gida, su tarar da nakiyoyi da bama-baman da ba su fashe ba a cikin ɓaraguzai da gonaki, yara kuma su ɗauka abin wasa ne. Masu kwance nakiya su riga ayari shiga, kayan agaji kuma su bi mutane inda suka koma.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne yadda aka mayar da abinci abin ciniki a teburin sulhu. Yarjejeniyoyin Janiba na 1949 da ƙarinsu na 1977 sun wajabta barin agaji ya isa ga farar hula, ana faɗa ko ba a yi, ko da yake sun ba masu iko damar bincika kaya. Yarjejeniyar Gaza ta 19 ga Janairu, 2025, ta tanadi motoci 600 a rana, 50 daga ciki na mai, kuma yunwa ta ja baya. Ranar 2 ga Maris Isra'ila ta rufe mashigai, aka yi fiye da wata biyu ba abin da ya shiga, ribar da aka samu ta zube.

Roƙonmu ga wakilanku, ranka ya daɗe, idan aka ba su adadin tireloli su ƙara tambaya: nawa ne na mai a ciki, nawa aka ɗauke daga bakin iyaka, hanyoyi nawa ne a buɗe, lita nawa ta ruwa mutum ɗaya ya samu jiya, kuma yara nawa da aka fara yi wa jinyar tamowa suka kai ƙarshenta.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan agajin jinƙai