A daina cewa gwamnati ta "yafe" haƙƙin da ba nata ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wata kalma da ta dame ni. Duk lokacin da Shugaban Ƙasa ko wani gwamna ya saki fursunoni, sai in ga kanun labari yana cewa "an yafe musu". Ni na yi aikin tafinta a kotu har na yi ritaya, kuma kunnena bai taɓa amincewa da wannan kalma a wannan wuri ba.

A Hausa, mai haƙƙi ne ke yafewa. Wanda aka mara, wanda aka ci wa bashi, wanda aka kashe wa ɗa. Shi ya sa maniyyaci ke bin gidajen 'yan uwa kafin ya tashi yana cewa a yafe masa, shi ya sa kuma a wurin jana'iza ake tashi a roƙi jama'a su yafe wa mamaci, a ce duk mai bin sa bashi ya zo ya faɗa. Ba a taɓa zuwa wurin hakimi a ce ya yafe a madadinsu ba. Idan Bahaushe ya ce "na yafe maka duniya da lahira", ya sauke kayan da ke kansa ne, babu sauran tsayuwa a gaban Allah tsakaninku. Kishiyarta kuwa kowa ya san ta: "Allah ya isa." Kalmar tana da kaifi ƙwarai, har ma ɗan bambanci kaɗan na juya ta. Uba ya ce wa ɗansa "na yafe maka", an shirya ke nan. Ya ce "na yafe ka", ya sallama shi, ya cire hannunsa daga kansa.

Gafara kuwa ta fi karkata ga Ubangiji. Istigfari muke yi, muna cewa Allah gafarta Malam, muna yi wa mamaci addu'ar samun gafara. Akwai kuma ta yau da kullum, "gafara dai" ta mai shiga gida da "gafara!" ta ɗan dako a cikin kasuwa, amma wannan neman hanya ne kawai.

Abin da mai mulki ke da shi shi ne afuwa, ko ahuwa kamar yadda Sakkwatawa da Katsinawa ke faɗi. Afuwa ɗage hukunci ce daga wanda ke da ikon zartar da shi. Sashe na 175 na tsarin mulkin 1999 ya ba Shugaban Ƙasa wannan iko bayan ya shawarci Majalisar Magabata, sashe na 212 kuma ya ba gwamnoni irinsa a kan laifukan jiha. A cikin sashen ma ba abu ɗaya ba ne. Ana iya ɗage hukuncin ɗungurungum, ana iya jinkirta shi, ana iya musanya shi da mai sauƙi, kamar a mayar da kisa ɗaurin rai da rai. Wannan na ƙarshe sassauci ne, kuma idan shekaru aka rage, rangwame aka yi. Muna da kalma ga kowanne, amma sai a tattara su duka a kira su yafiya.

Dubi abin da ya faru a watan Afrilun 2022, lokacin da gwamnatin Buhari ta yi wa mutum 159 afuwa, cikinsu har da tsofaffin gwamnoni biyu, Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba, waɗanda kotu ta ɗaure kan kuɗin jama'a sama da naira biliyan ɗaya kowannensu. Haka Jonathan ya yi wa tsohon gwamna Alamieyeseigha na Bayelsa a 2013. Doka ta ba su dama, ban musa ba. Amma kuɗin na talakawan jihohin nan ne, kuma ba wanda ya tambaye su. Idan jarida ta rubuta "an yafe", ta ari bakin mutanen da ba su ce uffan ba ta ci musu albasa.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne batun jini. Na taɓa tsayawa a shari'ar wani saurayi da ya kashe maƙwabcinsa a rigimar iyakar gona. Aka kira mahaifin mamacin, dattijo mai rawar hannu, alƙali ya tambaye shi abin da yake so: kisasi, ko diyya, ko yafewa. Ya daɗe yana murza hularsa a kan gwiwa bai ce komai ba. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Allah gafarta Malam, kashe shi ba zai dawo mini da nawa ba. Na yafe." Uwar wanda ake ƙara ta faɗi ƙasa tana kuka. Wannan zaɓi aya ta 178 ta Suratul Baƙara ta sa shi a hannun dangin mamaci, alƙali bai isa ya furta kalmar a madadinsu ba. Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya, ko dangi sun yafe, hukuma na da nata rabon, bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Kowa da iyakar gonarsa.

To yanzu a tuna da sulhun da aka yi da 'yan bindiga a Katsina a 2016 da 2019, da na Zamfara a 2019. Mun sha jin "gwamnati ta yafe wa tubabbu". Matar da aka kashe wa miji a gabanta, aka kore mata shanu, ta ji wannan a rediyo tana zaune a sansanin gudun hijira, me za ta ɗauka? Za ta ɗauka an rufe maganarta ke nan har abada, ko ma a fara ganin laifinta idan ta ce ita ba ta yafe ba. Ba na jayayya da sulhu idan zai kawo zaman lafiya. Marigayi 'Yar'aduwa ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa a 2009, kuma wutar ta lafa. Amma a kira abin da sunansa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka sa masu fassarar labarai su riƙa tambayar kansu wa ke da haƙƙin kafin su zaɓi kalma. Idan hukuma ce ta ɗage hukunci, a rubuta afuwa. Idan ragewa ta yi, a rubuta sassauci ko rangwame, a kuma faɗi shekara nawa aka rage. Idan kuma an samu dangin wanda aka zalunta sun ce sun yafe, wannan babban labari ne, a tura wakili ya ji daga bakinsu a buga.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon tafintan kotu,
Funtuwa, Jihar Katsina