Baba ba ya son a yi maganar gado, ga marayu uku a gidansa

Assalamu alaikum Malam. Ina fatan kana lafiya, da kai da iyali. Don Allah a sakaya sunana, domin a gidanmu ana sauraron shirin nan.

Ni malamar firamare ce a Zariya, kuma ni ce ta huɗu a wurin mahaifinmu. Baba shekararsa 78, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ya yi ritaya tun kafin a kawo sabon tsarin fansho na 2004, don haka ɗan abin da yake samu a wata daga PTAD, hukumar da ke biyan 'yan fansho na tsohon tsari, yake fitowa. Matansa biyu, mu goma ne a raye, maza huɗu mata shida. Abin hannunsa ba wani mai yawa ba ne: gidan da yake ciki a Tudun Wada, shaguna biyu a jikin gidan, sai gona a hanyar Giwa da ya gada wurin kakanmu.

Abin da ke hana ni barci shi ne yaran marigayi yayana. Shekara biyar ke nan da rasuwarsa, ya bar yara uku, babbar yanzu take aji biyu na sakandare. Baba ne ya ɗauko su, shi ke ci da su. Kullum in hira ta yi daɗi sai ya ce shagon da ke kusa da zaure nasu ne. To, a baki kawai maganar take. Babu takarda, babu shaidu in ba mu mata da muke zaune a tsakar gida ba, kuma har yau shi ke karɓar kuɗin hayar yana sa wa a cefane.

Na tambayi malaminmu na Islamiyya ba tare da na ce gidanmu ba ne. Ya ce jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa ba ya cin gado muddin akwai ɗa namiji a raye. Ya ce tun da su ba magada ba ne, ana iya yi musu wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiya ba, ko a ba su kyauta tun mutum yana da lafiyarsa. Amma kyautar da ba a karɓe ta a hannu ba har mai ita ya rasu, komawa take cikin gado. Ya ƙara da cewa kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka. Baba kuwa hawan jini da suga sun sa shi gaba, bana sau biyu ana ba shi gado a asibiti.

Na taɓa gwada yi masa maganar bayan sallar isha'i. Ko rufe baki ban yi ba ya ce, "Har kin fara ƙirga mini kwanaki?" Sati biyu ko na gaishe shi da ka yake amsawa. Ɗakin abokiyar zaman mahaifiyata kuma aka ɗauka wai Innarmu ce ta turo ni, tun da marigayin ɗanta ne. Wallahi ba ta ma san na je ba.

Akwai kuma babban yayanmu. Katin ATM ɗin Baba a hannunsa yake, shi aka rubuta a banki a matsayin makusanci, kuma takardun gidan suna wurinsa. Ban zarge shi da cin ko kwabo ba, yana wahala da Baba ƙwarai. Sai dai na ji shi da kunnena yana cewa abin da ke asusun ai nasa ne tun da sunansa ke rubuce. Ni a sanina wannan suna don a san wanda za a nema ne, ba ya mai da mutum magaji shi kaɗai. Maƙwabtanmu shekara shida suna jelen kotu a kan gidan ubansu, yanzu ko gaisuwar mutuwa ba ta haɗa su. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Malam, kyauta ta fi dacewa da yaran nan ko wasiyya? In kyauta ce, wa zai karɓa musu tun da ƙanana ne, kuma mai bayarwar shi ne mai riƙonsu? Rubutu a gaban liman da mai unguwa ya wadatar, ko sai an kai kotun shari'a? Ya za a yi a rubuta basussukan da ake bin Baba da waɗanda yake bi, tun da na san akwai kuɗin taki da bai biya ba?

Sannan wa zan tura masa? Yana da amini guda da suka yi aiki tare a Kafanchan, yana jin maganarsa, amma ina tsoron a ce na kai sirrin gida waje.

Taka mai sauraro,
daga Zariya