Wasiƙa daga Cantaburi zuwa ga Yaya

Cantaburi, Tailan
25 ga Afrilu, 2025

Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya tare da Inna da iyalinka da yaran gida baki ɗaya. Ni ma lafiya nake, sai godiyar Allah.

Dalilin wannan takarda shi ne maganar da ta iso kunnena, cewa ana yawo da hotona a unguwa ina jiƙe sharkaf, fuskata duk farar ƙasa, har Kawu yana faɗa a majalisa cewa na shiga bikin masu bautar gumaka, shi ya sa kuɗin wata bai zo ba. Wallahi maganar ta yi mini ciwo, kuma abin da ya fi damuna shi ne an kai ta kunnen Inna da hawan jininta. Ina roƙon ka ka karanta mata wannan da bakinka.

Bikin sunansa Songkran, shi ne sabuwar shekarar gargajiya ta mutanen ƙasar nan, ana yin sa daga 13 zuwa 15 ga Afrilu, a tsakiyar zafi irin na bazararmu, sai dai nan akwai gumi saboda teku na kusa. Abin kashi biyu ne. Akwai na addininsu, inda suke wanke gumakan Buda da ruwa mai ƙamshi, su kai yashi gidajen ibadarsu su gina 'yan tsibi su kafa musu tutoci. Wannan ko kusa da shi ban je ba, kuma ba wanda ya taɓa neman in je. Sai kuma na titi, wanda ba ya tambayar addinin kowa. Matasa sukan cika durom da ruwan ƙanƙara a bayan a-kori-kura, yara kuma su tare bakin hanya da bokiti da bindigogin roba, duk wanda ya gifta sai an sheƙa masa, har ɗan sanda da kakinsa. Ni shinkafa na fita saye. Kafin in kai kwana an jiƙa ni, sannan tsohuwar da nake haya a gidanta ta haɗa tafukan hannunta ta nemi izini, ta shafa mini farar ƙasa a kumatu, wadda a wurinsu fatan alheri ce. Tsohuwa ce sa'ar Inna, wadda ta ɗaga mini ƙafa kan kuɗin haya sau biyu, ban ga ta yadda zan ture hannunta ba. Abokin cinikina ɗan Gini ya ɗauki hoton ya sa a Facebook ban sani ba, kuma na sa ya cire.

Maganar kuɗi kuwa, bankuna sun rufe saboda hutun, kasuwar duwatsu masu daraja ta titin Si Can kuma dama Juma'a zuwa Lahadi kawai take ci. Masu yankan dutse da masu ƙona shi don gyara launinsa duk sun tafi garuruwansu, kamar yadda Kano kan yashe da Sallah. Bayan an gama nan, garuruwan bakin teku suna da nasu ƙarin da ake kira Wan Lai, wanda a Fataya sai 19 ga wata, kuma dillalai da yawa can suka wuce. Haka safayar Mambila, dutse mai daraja da nake sayarwa, ta zauna a hannuna kusan mako uku. Ban rasa abin da zan ci ba, kada ka sa wannan a ranka.

Yanzu na sayar da rabi, na tura Naira 350,000 ta hannun mutuminmu na Bankok. A fara da maganin Inna na wata biyu, sai kuɗin makarantar yara, abin da ya rage a sayi taki tun kafin ruwa ya sauka farashi ya tashi. Kada ka ba auta ko sisi a hannunsa, ko ya ce ni na ce. Na ji labarin babur ɗin. Kuɗin ragon layya dabam ne, zan turo shi a watan Mayu in Allah ya yarda, domin lokacin ne ake bikin 'ya'yan itatuwa a garin nan, duriyan ya nuna, baƙi su cika gari, kasuwa ta farfaɗo.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Ranar biki na ga 'ya'yan tsohuwar nan sun zo daga Bankok, sun durƙusa a gabanta suna zuba mata ruwa a tafin hannu, tana sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya. Na koma ɗaki na rufe ƙofa, domin Sallah uku ke nan ban durƙusa a gaban Inna ba. Ka ce ta yafe mini, kuma salla ba ta wuce ni, muna haɗuwa da 'yan'uwa 'yan Mali da Gini mu yi jam'i.

Ka gaida Kawu, kada ka yi masa faɗa, ka dai nuna masa takardar nan. In kuɗin sun shiga ka kira ni, kuma maganin Inna ne farko.

Naka,
Ƙaninka