Zuwa Ga Masu Cewa Yaƙin Sudan Horon Allah Ne

Ranka ya daɗe Edita,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana Kirista na gida Najeriya, musamman fastoci da masu wa'azi da harshen Hausa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, Bahaushiya Kirista daga ƙasar Zazzau. Ina aiki a Gadarif da ke gabashin Sudan, ina kuma zaune a cikin Hausawan garin, waɗanda kakannin da yawansu suka baro gida a ƙafa da niyyar aikin hajji, zama ya kama su a hanya.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF ƙarƙashin Hamidti, 'yan'uwa suke turo mini wa'azi ta waya. Masu wa'azin daban-daban ne, amma bakinsu ɗaya: wai Sudan tana girbar abin da ta shuka, Allah ne ya saukar mata da fushinsa saboda tsananta wa Kirista da ta yi. Wani ya buɗe Ishaya sura 18, inda ake maganar ƙasar Kush, ya ce ga annabci nan ya cika a idonmu. Jama'a suka amsa masa da amin mai ƙarfi har da tafi. Wallahi wannan amin ɗin ta fi wa'azin ci mini rai.

Ba na musun abin da Kiristan ƙasar nan suka sha. An san dokokin shari'ar Musulunci na Satumba 1983 a zamanin Shugaba Numairi da abin da ya biyo bayansu. An san yadda aka yanke wa Maryam Yahya Ibrahim hukuncin kisa a 2014 bisa zargin ridda, har ta haihu a kurkuku kafin a sake ta. Bayan ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011 an rushe coci-coci a Hartum, kuma sai a 2020 aka soke dokar ridda. A cocin da nake zuwa, da yawa daga cikinmu mutanen Duwatsun Nuba ne, waɗanda jiragen yaƙi suka yi shekaru suna zuba wa ƙauyukansu bam. In akwai mai hurumin cewa alhaki ne, ai su ne. Amma ban ji wannan amin ɗin a bakinsu ba, domin su ma da kaya a ka suka baro Hartum, hanya ɗaya da kowa.

To, a kan wa wannan horo da ake magana ya sauka? Mutum fiye da miliyan 10 aka raba da gidajensu. Da Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disamba 2023, sannan Sinja a ƙarshen Yuni 2024, jama'a suka kwararo Gadarif, na biyun ma da damina, cikin taɓon ƙasar nan mai riƙe ƙafa. Makarantu suka koma masauki. A wani aji da nake zuwa duba marasa lafiya, an ɗaura igiya daga taga zuwa taga an rataya zannuwa, kowane iyali da nasa lungun, lissafin da malami ya rubuta ranar ƙarshe yana nan a allo ba a goge ba. A nan na san wata tsohuwa Bahaushiya daga wajen Sinja. Ƙafafunta sun kumbura sun tsage, a gefen mayafinta ta ƙulle mabuɗin ɗakinta da katin maganin hawan jini. Kullum na durƙusa zan wanke mata ƙafa sai ta ce, "Sannu 'yata, Allah ya yi miki albarka, ya bar ki da iyayenki." In ce, "Amin, Iya." Wannan matar ba ta taɓa zama alƙali ba, ba ta taɓa sa hannu a takardar rushe coci ba. Dawa da riɗi ta sani.

Ya kamata mai wa'azi da Hausa ya san su wa yake wa dariya. A cikin masu gudun nan akwai dubban masu jin yarensa. Garin Mai Wurno da ke bakin kogi kusa da Sinnar, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausawa sun yi aikin auduga a gonakin Jazira tun ana haƙa magudanan ruwanta. Duk da haka a 2022, tun kafin babban yaƙin, an kashe ɗaruruwan mutane a rikicin jihar Bulu Nayil, inda aka ce wa Hausawa baƙi ne, ba su da haƙƙin ƙasa. Kuma harsashi bai tambayi addinin kowa ba. An kai wa cocin Kibɗawa na Mar Girgis hari a Umdurman a watan Mayu 2023. An jefa bam a masallaci a Alfashir a Satumba 2025 ana sallar asuba, mutum fiye da 70 suka mutu. Wanne ne horo a ciki, wanne ne tsanani? Wa ya ba mu ma'aunin rarrabewa?

Tambayar nan ba sabuwa ba ce, almajiran Yesu sun riga mu yin ta. A Yahaya sura 9 sun wuce wani mutum da aka haifa makaho, yana zaune yana bara. Ba su tambaye shi sunansa ba, ba su tambaye shi ko ya ci abinci ba. Suka juya ga Ubangiji suka ce, wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa? Sun riga sun yanke cewa akwai mai laifi, sunansa kawai suke nema. Mu ma a gida mun san wannan halin: a haifi yaro da naƙasa, kafin ranar suna an fara raɗe-raɗi a bayan ɗaki cewa alhakin wane ne ya kama uwar. Yesu ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba, sai dai domin a bayyana aikin Allah a kansa. Ya ƙara da cewa dole a yi aikin tun da sauran rana. Sai ya tofa yawu a ƙasa, ya kwaɓa laka, ya shafa masa a ido, ya aike shi tafkin Siluwam ya wanke.

Warkarwar kanta ayoyi kaɗan ta ci. Sauran surar duka bincike ne. Farisiyawa suka kira mutumin, suka kira iyayensa, suka sake kiransa. Ba mutanen banza ba ne, masana Attaura ne, masu azumi da fitar da zakka, kuma abin da suke karewa, wato Asabar, Allah ne da kansa ya umarta. Amma a saurari bakinsu: mun sani mutumin nan mai zunubi ne, mun sani Allah ya yi magana da Musa. Mun sani, mun sani. Shi kuwa tsohon makahon ya ce ko mai zunubi ne shi bai sani ba, abu ɗaya ya sani, dā shi makaho ne, yanzu yana gani. Mutum ne tsaye a gabansu da idanu biyu garau, maƙwabta sun shaida, iyaye sun shaida, amma tun da abin bai shiga lissafinsu ba, suka ce masa a cikin zunubi aka haife shi ɗungum, suka kore shi. Amsar da Yesu ya ƙi bai wa almajiransa a farkon sura, ita suka bayar a ƙarshenta. Maganar da Ubangiji ya rufe da ita kuwa tana ba ni tsoro duk lokacin da na karanta: da ku makafi ne da ba ku da laifi, amma tun da kun ce kuna gani, laifinku yana nan. Ba ga arna ya faɗi haka ba. Ga masu riƙe da Littafi ya faɗa, irinmu.

Wani zai ce wannan maganar ciwo ce, ba ta yaƙi ba. To, a buɗe Luka sura 13. An kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya, kisan siyasa tsantsa. Shi da kansa ya ƙara da mutum 18 da hasumiya ta faɗo wa a Siluwam. Sau biyu ya tambaya ko ana tsammani sun fi sauran mutane zunubi, sau biyu ya ce a'a, sannan ya juya kan masu kawo labarin ya ce su tuba. Abokan Ayuba ma, muddin suna zaune a ƙasa tare da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, ba su yi laifi ba. Da suka buɗe baki suna bayyana masa dalilin masifarsa, Allah ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba, sai da Ayuba ya yi musu addu'a.

Ga abin da ya fi damuna, 'yan'uwa. In aka shiga ƙauye a Filato ko Kudancin Kaduna ko Binuwai aka kashe mutanenmu, muna cewa gwaji ne, tsanani ne, jinin shahidai ne. Ba wanda ya isa ya hau mumbari ya ce zunubinsu ne ya kama su, kuma da ya faɗa da ba mu yafe masa ba. Amma in wuta iri ɗaya ta kama gidan wani, sai ta zama hukunci. Mudu biyu ke nan muke awo da su, alhali Matiyu sura 7 ta ce mudun da muka auna wa mutane da shi za a auna mana. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. In yaƙi shaidar fushin Allah ne, me za mu ce game da Zamfara da Borno da Chibok?

A nan ma na ji masu irin wannan magana ta ɗaya gefen. A layin ɗiban ruwa wani dattijo ya ce yaƙin sakayya ce saboda an taɓa dokokin addini bayan faɗuwar Shugaba Albashir a 2019. Ka ga yaƙi ɗaya, gawawwaki ɗaya, wani ya ce don an yi dokar ne, wani ya ce don an soke ta ne, kowanne kuma ya rantse ya san nufin Allah. Wannan na bar wa malamansu, na san akwai masu tsawatarwa a cikinsu. Ni da gidanmu nake magana.

Kada a ɗauka ina cewa a yi shiru a kan mugunta. Annabi Natan ya tsaya gaban Dawuda ya ce masa kai ne mutumin. Wanda ya yi wa mata fyaɗe a Jazira da Darfur, wanda ya hana abinci shiga har aka ayyana yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam a Agusta 2024, wanda yake sayar da zinariyar ƙasar nan yana sayo jirage marasa matuƙa, da ƙasashen da ke turo musu makamai, duk a kira laifinsu da sunansa, da babbar murya. Wannan aikin da ido ya gani ne, akwai shaidu. Amma mutum ya ce ya leƙa zuciyar Allah ya ga dalilin da ya sa jaririn wata ya mutu a hanyar Dindir, wannan ba a ba kowa ba. Natan fadar sarki ya shiga da maganarsa. Masu wa'azinmu kan waɗanda aka kora suke sauke tasu.

Shi kuma mai karanta Ishaya 18, da ya daure ya kai aya ta 7, da ya ga mutanen ƙasar nan ɗauke da kyautai zuwa ga Ubangiji a Dutsen Sihiyona. Baban nan mai kula da baitulmalin sarauniya Kandakatu, wanda Filibus ya yi wa baftisma a Ayyukan Manzanni sura 8, daga masarautar Marawi ya fito, kangayenta suna nan arewa da Hartum. Masarautun Kirista na Nubiya sun yi kusan shekara 1000 a bakin Nilu, birnin Soba yana cike da coci-coci, ƙarnuka da yawa kafin bishara ta iso Wusasa ta Zariya. Ba mu ne muka fara sanin Allah ba, balle mu riƙe mabuɗin wanda zai la'anta.

Da cutar amai da gudawa ta ɓarke a Kasala da Gadarif a daminar 2024, an kafa tantuna. Gadon mai wannan ciwo a huje yake a tsakiya, da bokiti a ƙasa. Ana kawo mutum idanu sun faɗa, fata in ka tsunkula ba ta komawa, jijiya ta ɓace, kana laluben ta da fitilar waya don a sa masa ƙarin ruwa. Masu ɗauko marasa lafiya a amalanken jaki samarin unguwa ne, masu dafa wake da fate a manyan tukwane suna rabawa kyauta matan unguwa ne, yawancinsu Musulmi, kuma ba su taɓa tambayar mai miƙo kwano inda yake ibada ba. Abokan aikina sun san ni Kirista ce. Ranar Lahadi wata takan karɓar mini aiki in je sujada, ni kuma in tsaya mata ranar Juma'a. Ina jin kunyar a ce wata rana ɗaya daga cikinsu, da yake suna jin Hausa sarai, ta ji wa'azin da ke cikin wayata.

Don haka ina roƙon iyayenmu fastoci, da girmamawa, ku daina wannan wa'azi, in kuma wani ya yi a gabanku ku ja shi gefe. Ku sa Sudan cikin addu'ar Lahadi da sunayen garuruwanta, Alfashir da Kadugli da Hartum da Sinja. A ware baiko na musamman a aika ta hannun ƙungiyoyin agajin da kuka amince da su, ba tare da sharaɗin addinin mai karɓa ba. Zumuntar mata, ku da kuka san zafin gudu da goyo, ku ja gaba. Wanda kuma aka turo masa irin wannan saƙo, kada ya tura wa wani.

Kai kuma ranka ya daɗe Edita, ina roƙon ka sa wakilanka su nemi Hausawan Gadarif da Kasala da Damazin ta waya, su ba da labarinsu da bakinsu, a buga. Suna nan da yawa, kuma a shirye suke su yi magana.

Na gode da wannan fili. Allah ya ba mu zaman lafiya, nan da can.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya,
Gadarif, Sudan.