Edita, kowa na Axe ko na Chuck, to mutanen Sandicot fa?

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki, ya ƙoƙari. Allah ya ƙara basira.

Na daɗe ina son in rubuto muku a kan wannan shiri mai dogon zango na Amurka wato Billions, wanda tashar Showtime ta fara haskawa a Janairun 2016 ta rufe shi a 2023 bayan zango bakwai, amma mu nan unguwarmu sai kwanan nan ya shigo, wani yaro ne ya karɓo a wajen masu tura fim a waya, ya tura wa wani, wani ya tura wa wani, kafin ka ce kwabo ya zama shi ne abin hira a teburin mai shayinmu bayan isha'i. Ni ma na kalla, tun daga farko har ƙarshe, kuma ba zan ɓoye ba an iya tsara labari, 'yan wasan ma sun iya. Ba shirin nake ƙorafi a kai ba, yadda masu kallo suka karɓe shi ne ya tsaya min a rai.

Ga wanda bai gani ba, labarin mutum biyu ne. Bobby Axelrod, wanda ake ce wa Axe, ɗan talakawa ne da ya zama biloniya, yana da kamfanin juya kuɗin masu kuɗi a kasuwar hannun jari mai suna Axe Capital, Damian Lewis ne ya fito a matsayinsa. Sai Chuck Rhoades, babban mai gabatar da ƙara na gwamnatin tarayya a kudancin New York, ɗan gata ne gaba da baya, Paul Giamatti ya hau rol ɗin. Chuck ya lashi takobin sai ya ɗaure Axe, shi kuma Axe ya ce shege ka fasa, abin da ya ƙara dagula lamarin kuma matar Chuck ɗin, Wendy, likitar ƙwaƙwalwa ce da ke aiki a kamfanin Axe tun kafin rigimar.

To Edita, majalisarmu ta rabu biyu tamkar ana musun Madrid da Barcelona. Matasa kusan duk 'yan Axe ne, wai shi ne namiji, shi ya nemi na kansa da guminsa, Chuck hassada ce kawai ke cinsa. Akwai wani yaro mai gyaran waya da ya sa hoton Axe a sitatus ɗinsa, har abokansa sun koma kiransa Oga Axe, kuma wallahi yana jin daɗin sunan. Manya kuma, musamman wani malamin makaranta da muke zama da shi, suna bayan Chuck, wai doka ai doka ce ko waye kai. Ranar nan sai da mai shayi ya ce a rage murya don musun ya kai har ana nuna juna da yatsa, shayin wani ya huce a kofi bai sha ba.

Ni dai na yi shiru ina saurare har na gaji, sai na ce musu tsakani da Allah a cikinku wa ya tuna da Sandicot? Aka yi tsit. Wasu ma ba su gane me nake nufi ba, alhali duk sun kalli zango na biyu. Wani ƙaramin gari ne a cikin labarin, talauci ya yi masa katutu, bashi ya kai masa iya wuya, Axe ya samu labarin sirri cewa za a gina gidan caca a can, sai ya bi ya saye takardun bashin garin da araha yana jiran farashi ya tashi. Da aka karkatar da gidan cacan zuwa wani wuri, kuma da hannun mahaifin Chuck a ciki, sai Axe ya ga zai tafka asara, maimakon ya haƙura sai ya matse garin a biya shi kuɗinsa ko ta halin ƙaƙa, a tsuke bakin aljihu, a rage abin da ake kashe wa makarantu da ma'aikata. Mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba su ne suka biya kuɗin faɗan attajiri da ɗan gata. Wannan wurin ya fi komai taɓa ni a shirin gaba ɗaya, domin duk wanda ya taɓa jiran albashi wata da watanni ko ya ga an rufe ajin ɗansa ya san abin da ake nufi, amma masu kallonmu sun tsallake shi kamar talla, abin da suka riƙe shi ne jirgin sama na kansa da gidan bakin teku.

Kuma shirin bai ɓoye halin Axe ba ko kaɗan. An nuna tun a zangon farko cewa tushen dukiyarsa ranar harin 11 ga Satumba 2001 ne, abokan aikinsa na mutuwa a cikin bene shi kuma yana cinikin da zai ci riba idan hannun jarin kamfanonin jirgin sama ya faɗi. Yadda ake yin wannan ciniki shi ne ka ari hannun jari ka sayar yau da tsada, idan ya karye ka sayo da araha ka mayar wa mai shi, rarar ta zama taka, wato dai kana addu'ar wani ya faɗi don kai ka tashi. Daga baya ya riƙa biya wa marayun kuɗin makaranta, sai yaranmu suka kama wannan suna cewa ai mai kyauta ne. Subhanallah.

Su ma 'yan Chuck ban ƙyale su ba. Mutumin da ya buɗe kwamfutar matarsa a ɓoye ya karanta sirrin da mara lafiya ya gaya wa likita don kawai ya samu makamin yaƙi, mutumin da ya bari mahaifinsa da amininsa suka zuba dukiya a kamfanin lemo na Ice Juice alhali ya san tarko ne ya ɗana wa Axe kuma kuɗin za su narke, wannan ne mai kare doka? Malamin namu ya ce ai burinsa mai kyau ne. Na ce masa Malam, da a ce kai ne aminin nan da aka yi ƙugiya da kai, haka za ka faɗa? Bai ba ni amsa ba, ya dai ce zai sake kallon wurin.

Wani abin da yawancinsu ba su sani ba, labarin yana da kama da abin da ya faru a zahiri. Masu sharhi da yawa sun danganta shi da dambarwar Preet Bharara, wanda ya riƙe wannan ofis na mai gabatar da ƙara a New York, da attajiri Steve Cohen mai kamfanin SAC Capital. A 2013 kamfanin ya amsa laifin ciniki da sirrin cikin gida, aka ci shi tarar dala biliyan 1.8. Wani ma'aikacinsa Mathew Martoma, wanda ya riƙa samun sakamakon gwajin maganin cutar mantuwa daga bakin wani likita kafin a sanar wa duniya, an yanke masa shekara tara a 2014. Shi Cohen ba a taɓa gurfanar da shi da laifin da zai kai shi kurkuku ba, a 2020 ma ya sayi ƙungiyar wasa ta New York Mets, Bharara kuma Trump ya sallame shi a 2017. Da na faɗa musu haka sai Oga Axe ya yi dariya ya ce ka gani ko Baba, mai kuɗi ba ya faɗuwa. Wannan magana ta kwana tana cina, don darasin da ya ɗauka ke nan.

Dalilin da ya sa abin ya dame ni haka, ɗan yayana ne. Yaro mai hankali, ɗan acaɓa, bara ya sayar da mashin ɗinsa ya zuba kuɗin a wata manhaja ta tiredin da aka ce masa kuɗi na ninkuwa cikin wata guda, kullum yana nuna min jadawali mai ja da kore a waya yana maganar siginal da wani na ciki ya ba su, irin kalmomin da yake ji a fim, rana ɗaya aka wayi gari manhajar ba ta buɗewa. Na same shi a soro da sassafe zaune a kan tabarma, wayar na hannunsa yana ta danna wuri ɗaya, ko gaisuwata bai ji ba. Ba na cewa Billions ne ya jawo masa, a'a, mun ga MMM, tsarin zuba kuɗin nan da ya rushe da kuɗin jama'a, a 2016 tun kafin a san shirin a nan. Amma shi a zuciyarsa Axe yake ganin kansa, bai taɓa kawo wa ransa cewa shi ɗan Sandicot ne ba, har yau haya yake biya a mashin ɗin wani.

Don haka Edita roƙona gare ku, tunda kuna da shafin kasuwanci kuma matasa na karanta ku a waya, ku ware fili ko sau ɗaya a wata ku gayyato wanda ya san harkar, dillalin hannun jari mai lasisi ko lauya ko malamin jami'a, ya yi mana bayani da Hausa ƙarara, mene ne hannun jari, me ya sa ciniki da sirrin cikin gida laifi ne kuma wa ake cuta idan an yi shi, yaya mutum zai duba ko kamfani na da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari kafin ya miƙa kuɗinsa, sannan a ji ta bakin malaman addini a kan sayar da abin da ba ka mallaka ba. Ku yi amfani da shirin nan ma a matsayin misali, tunda sun riga sun haddace shi kashi-kashi, za su tsaya su karanta. In kun buga, ni da kaina zan kai jaridar teburin mai shayi in karanta musu.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku mai karatu a kullum,
daga Kano.