Kada Mu Tsallake Ranakun Tsakiya a Makon Ista

Malam Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da dukkan ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana da 'yan'uwana Kirista, musamman fastoci da limaman coci da dattawan ikilisiya, game da makon da muke shirin shiga, wato Mako Mai Tsarki, wanda yake farawa ranar Lahadin Ganyen Dabino ya ƙare da asubahin Lahadin Ista, ranar tunawa da tashin Yesu Almasihu daga matattu. Na san yawancin masu karanta wannan jarida Musulmi ne, na kuma san imaninmu ya bambanta a kan gicciyewar Yesu Almasihu da tashinsa daga matattu. Ba gardama ce ta kawo ni ba. Magana ce ta cikin gida, amma tun da gari ɗaya muke zaune, kasuwa ɗaya muke ci, babu laifi maƙwabci ya ji abin da ake faɗa ta kan katanga.

Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin fasto, yawanci a ƙauyuka, kuma abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka mayar da mako guda cur ya koma kwana biyu. Ranar Lahadin Ganyen Dabino coci kan cika maƙil, yara su fito da ganyen kwakwa ko na giginya suna zagaya unguwa suna rera Hosanna. Ranar Lahadin Ista kuma sai wanda ya gani: sabon ɗinki, anko, Zumuntar Mata da kiɗan tulu, shinkafa da kaji, washegari Litinin matasa su ɗunguma zuwa bakin dutse ko bakin rafi da sunan tafiya Galili. Duk wannan yana da kyau, ni ma ina murna da shi. Sai dai ka leƙa cocin nan ranar Alhamis da yamma, ko ranar Juma'a da rana, ka ƙirga mutanen da ke kan benci. Gwamnatin tarayya tana ba da hutu ranar Juma'a Mai Kyau da ranar Litinin, amma hutun Juma'ar ya zama na cefane da zuwa wurin tela da neman mota a tasha. Ranar Asabar kuwa, a yawancin ikilisiyoyinmu na Furotesta, ko buɗe ƙofa ba a yi sai don shara da gwajin waƙa.

Marubutan Bishara ba su yi wannan gaggawa ba. Bisharar Markus sura 16 ce kacal, amma shida daga cikinsu a kan wannan mako ɗaya suka tsaya, Yahaya kuwa ya ba daren Alhamis shi kaɗai sura biyar kafin ma a kai ga kama Yesu a lambu. Wanda ya rubuta labarin shekara uku cikin hanzari, ya zo kan kwana bakwai ya rage tafiya haka, yana nuna mana inda nauyin maganar yake ne.

Ko Lahadin farkon ma ba mu cika tsayawa mu dubi abin hawan ba. A ƙasarmu kowa ya san sarki doki yake hawa, da lifidi da algaita da dogarai, jaki kuwa na ɗaukar taki ne da itace da buhun masara. Yesu ya sauko daga Dutsen Zaitun ya shiga Urushalima a kan ɗan jaki, shi ma na aro. Taron da ya shimfiɗa masa riguna a hanya yana sa ran sarkin da zai kori Romawa, amma shi tun daga abin hawansa ya riga ya faɗi irin sarautar da ya zo da ita.

Ranar Alhamis ce na fi so mu dakata a kanta. Luka ya gaya mana cewa a wurin jibin ƙarshe, wato abincin ƙarshe da Yesu ya ci da almajiransa, daren da za a ba da Ubangijinsu, almajiran suna musu a kan wane ne babba a cikinsu. Yahaya kuma ya ba mu amsar da suka samu: Yesu ya tashi daga cin abinci, ya tuɓe mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro, ya shiga wanke ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya, har da na Bitrus wanda zai yi musun saninsa sau uku kafin zakara ya yi cara, har da na Yahuza wanda ya riga ya daidaita da manyan firistoci a kan azurfa talatin. Wanke ƙafar baƙo aikin bawa ne a wancan zamani, shi ya sa Bitrus ya janye tasa ƙafar da farko. Katolika da Angilika suna yin wannan hidima a daren Alhamis Mai Tsarki, 'yan'uwanmu na Ekklisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya kuma, wadda aka fara sujadarta a gindin wata tsamiya a Garkida a shekarar 1923, sun riƙe wankin ƙafa a matsayin sashe na liyafar ƙaunarsu. A ikilisiyar da na tashi ba al'adarmu ba ce, sai da na girma na gwada.

Ba zan manta da shekarar farko ba. Bazara ce, zafi ya kai intaha, mun ɗebo ruwa a jarka daga rijiyar da ta kusa ƙafewa. Wanda ya zauna a gabana wani dattijo ne manomi, kuma ni da shi mun yi wata uku ba ma ga maciji a kan iyakar filin coci. Da na durƙusa na kama ƙafarsa sai na ga faso ya tsattsaga dunduniyar kamar ƙasar fadama da rani, babban yatsansa babu farce, ga tabon sarar fartanya a idon sawu. Ruwan da ke cikin daron ya rine ya zama ja. Na yi shekara shida ina yi wa mutumin nan wa'azi daga kan bagade, amma ban san da me yake takowa zuwa coci ba sai ran nan. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ya isa haka, Baba Fasto, ya isa." Bai ce ya yafe ba, ni ma ban ce ba, amma maganar iyaka ba ta sake tashi ba har Allah ya yi masa rasuwa. Ina faɗin wannan ne domin a zamanin nan mu shugabannin coci mun saba a riƙe mana jaka, a buɗe mana ƙofar mota, a jera mana laƙabi kafin a kira sunanmu, kuma babu abin da ke warkar da wannan ciwo kamar gwiwa a ƙasa da daro a gaba.

A daren nan ne kuma, a lambun Getsamani, Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist, Yesu ya umarce shi ya mayar da takobin kube, ya kuma taɓa kunnen ya warkar da shi. Fasto da ke aiki a inda aka sha ƙona gari da binne mutane a rami ɗaya ya san wahalar karanta wannan wuri a gaban matasan da ransu ke tafasa. Amma dole a karanta shi, a kuma karanta addu'ar da Yesu ya yi a kan gicciye ranar Juma'a, inda ya roƙa wa masu kashe shi gafara. Neman adalci a wurin hukuma haƙƙi ne, kuma ya wajaba mu nace a kansa da babbar murya. Ramuwar gayya a kan wanda bai ji ba bai gani ba, don kawai sunansa ko yarensa, ba ta da mazauni a cikin wannan mako.

Sai ranar Asabar, wadda ita ce dalilin wannan wasiƙa. An sauko da gawar, Yusufu mutumin Arimatiya ya ba da sabon kabarinsa, an mirgina dutse an rufe. Matan da suka biyo Yesu daga Galili sun ga inda aka sa shi, suka koma suka haɗa kayan ƙanshi, sa'an nan suka zauna domin Asabaci, ranar hutun Yahudawa, ya shiga. Ba su san gobe za a yi tashin matattu ba. Mu da muka san ƙarshen labarin mukan manta cewa su a wurinsu wannan yini ba shi da gobe. Akwai kabari, akwai tsoro, akwai ƙofa a kulle, Allah kuma bai ce kome ba.

Malam Edita, jama'armu da yawa a cikin wannan Asabar suke zaune. Mutane sun manta cewa daren 14 ga Afrilu, 2014, da aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok, daren Litinin ne na Mako Mai Tsarki, kuma da safiyar ranar ce bam ya tashi a tashar mota ta Nyanya a Abuja. Ista ta zo ranar 20 ga watan, aka yi waƙoƙin nasara a ko'ina, iyayen yaran nan kuwa suna cikin daji suna bin sawu. Har yau akwai waɗanda 'ya'yansu ba su dawo ba. Bayansu kuma an samu dubban gidaje a Kaduna da Zamfara da Katsina da Neja da Filato, na Kirista da na Musulmi, da aka ɗauke musu wani aka bar su da jiran kiran waya.

Akwai wata baiwar Allah a ikilisiyar da na yi aiki ta ƙarshe, wadda aka tare ɗanta a hanyar kasuwa aka shiga da shi daji. An sayar da shanun noma an kai kuɗin, shiru. Na je gaishe ta ranar wata Asabar, jajibirin Ista, na same ta a ƙofar ɗaki tana tsince wake a faifai, wayarta a kan cinya, ta ɗaure ta da ƙyalle don kada ta faɗi. Ta ce da ni, "Baba Fasto, da gawa na gani da na yi makoki na haƙura. Yanzu in na yi kuka sai in ga kamar na kashe shi, in na yi dariya sai in ga kamar na manta da shi." Na buɗe baki zan ce mata gobe Ista, ta yi murna, sai na ji kunyar maganar ta kama ni. Na zauna a kan turmi na taya ta tsintar waken har rana ta yi sanyi, muka karanta Zabura ta 13, wadda take tambayar Allah har yaushe, muka yi addu'a na tafi. Washegari ta zo sujada, ta zauna a baya, ba ta yi rawa ba, amma ta karɓi Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa don tunawa da mutuwar Yesu.

Ina ganin ba banza ba ne Ista take samunmu a wannan lokaci na shekara. Ana bin cikar wata ne wajen ƙayyade ranar, shi ya sa take yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, kuma a ƙasarmu kullum cikin bazara take faɗawa, lokacin da manomi ya gama sharar gona, hatsi ya ja baya a rumbu, ido yana gabas ana duban hadari. Mutanenmu sun san jira a jikinsu. Abin da suke bukata a wurinmu shi ne mu nuna musu cewa bangaskiyarsu tana da wurin zama ga mai jira, cewa almajiran farko ma sun yi wannan yini, kuma ba a ɗauke shi rashin imani ba. Idan wa'azinmu kullum nasara ne da buɗi da ci gaba, mai ɗa a daji zai ɗauka cocin ba nasa ba ne.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana masu kiwon garke, a bana mu buɗe coci ranar Alhamis, mu kawo daro da tawul ko da ba mu saba ba, kuma babba ya fara durƙusawa. Ranar Juma'a a karanta labarin shan wuyar Yesu gaba ɗayansa, da Hausa ko da harshen garin, a hankali, ba tare da an cika shi da sanarwa da tara kuɗi ba. Ranar Asabar kuma dattawa da Zumuntar Mata da matasa su rarrabu su shiga gidajen da ake jira: gidan wanda aka sace, gidan gwauruwa, ɗakin majinyacin da ya daɗe a kwance, sansanin 'yan gudun hijira in akwai shi kusa. A rage wani abu daga kuɗin anko a tafi da mudun hatsi, kada kuma a tsallake ƙofar maƙwabci Musulmi da ke cikin irin wannan hali. Ranar Lahadi da asuba, kafin a fara kiɗa, a kira sunayen waɗanda ba su dawo ba ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a, domin iyayensu su ji da kunnensu cewa ikilisiya tana ƙirga su.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya dawo mana da na daji lafiya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya kuma ba mu damina mai albarka.

Naka,
Wani fasto mai ritaya, daga Jihar Kaduna